Akwati Mai Kwaɗo Uku

Ba safai a kan ji wata dabara ta tashi daga ƙauyukan ƙasar Hausa ta zaga duniya ba. Abin da muka saba gani shi ne a ɗauko tsari daga Turai ko Amurka, a kawo mana shi a naɗe, a ce mu gwada. To, ga wani tsari da ya bi hanyar a juye, kuma muna so malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi su dube shi da idon basira, domin nauyinsa ya fara sauka a wuyansu.

A cikin 1991 wata ƙungiyar taimako mai suna CARE ta fara wani aiki a ƙauyukan jihar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, a ƙarƙashin wata Baturiya 'yar ƙasar Norwe, Moira Eknes. Aka sa wa aikin suna Mata Masu Dubara. Wannan Baturiya ba ta raba wa matan kuɗi ba. Ta tarar suna da adashi tun kaka da kakanni, sai aka zauna da su aka yi ma sa gyara. A adashi mace ɗaya ke kwashe zubin duka, sauran su jira kamunsu, ko da kuwa bukata ta taso wa wata tun kafin ranarta. A sabon tsarin kuwa mata kamar ashirin ko talatin su kan taru ran da suka yanke cikin mako, kowace ta zuba abin da aka amince, a ajiye cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku dabam dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda ke son jarin ƙuli-ƙuli ko na kiwon akuya ta ranta daga ciki, ta biya da ɗan ƙari. In wa'adi ya cika, sau da yawa gab da damina ko salla, a fasa asusu a raba uwa da riba.

Daga Maraɗi tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara zuwa Mali da Zimbabuwe da Tanzaniya da Uganda da wasu ƙasashe masu yawa, har masu binsa suka kai miliyoyi. Abin da ya zo daga waje kaɗan ne, watau akwati da horo da albashin mai koyarwa na kamar shekara guda. Bayan haka mai koyarwa ya janye, mata su ci gaba da abinsu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma a ganinmu sirrin abin ke nan.

Mai karatu zai tambaya, ina ruwan asusu da shugabanci? Ruwa kuwa babba. Kowace ƙungiya tana zaɓen shugabarta da ma'ajiyarta da masu ƙirga kuɗi. Tana da dokokin da ta tsara wa kanta, da tarar mai makara, da hukuncin wadda ta ƙi biya. Macen da ta shekara tana yanke hukunci kan dukiyar maƙwabtanta, ta ce wa ƙanwar mijinta a'a a bainar jama'a kuma aka rabu lafiya, ta koyi abin da ba a koyarwa a taron bita na kwana uku. Ƙungiyoyin Nijar sun haɗu sun yi tarayya, wasu suka kafa rumbun hatsi don ranar yunwa. Gwamnatin ƙasar ta yi doka a cikin 2000 wadda ta tabbatar wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sa'an nan 25 a 2019. Da aka zo zaɓen majalisun gundumomi na 2004 da na 2011, an sami mata da dama daga cikin waɗannan ƙungiyoyi da suka tsaya kuma suka ci. Doka ta buɗe ƙofa, amma a gindin akwati aka reni waɗanda suka shiga.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji daga cikin matan kowace karkara don ta jagoranci 'yan'uwanta wajen neman ilmi. Ita ma ta gane cewa mace ta fi jin maganar wadda ta sani.

Amma kada mu yi wa abin yabon da ya wuce kima. Wani bincike da aka yi a Gana da Malawi da Uganda, aka buga a 2017, ya nuna cewa irin waɗannan ƙungiyoyi sun kyautata sana'o'in gida, sun kuma ƙara wa mata ta cewa cikin sha'anin iyali, amma bai ga sun ƙara yawan abin da gidaje ke ci ba. Asusu ba ya gina hanya, ba ya haƙa rijiya, ba ya ɗauke wa Gwamnati aikinta. Akwai kuma maganar ƙarin da a ke biya a kan rance, wanda Musulmi da yawa ke ƙyama don tsoron riba. Wannan ba abin da za a share da hannu ba ne. Ya kamata a zauna da malamai tun da fari a nemi mafita, kamar ƙungiya ta sayi gero da kaka ta sayar da bazara, ko ta sayi kaya ta sayar wa 'yarta bashi a kan farashi sananne.

Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, tsarin ya shigo Nijeriya da kuɗi masu nauyi. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kafa ƙungiyoyin asusu na mata a wasu jihohi, ciki har da Kebbi da Neja da Taraba. A 2023 ya ƙara amincewa da dala miliyan 500 don a faɗaɗa shi. Mu tuna fa, rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Tsoronmu shi ne kada yawan kuɗin ya kashe abin da rashinsu ya raya. Ran da aka ji cewa shiga ƙungiya hanya ce ta samun rabon Gwamnati, za a wayi gari da ƙungiyoyi na takarda, sunayen matan manya a sama, akwati ba kowa a gindinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Mun ga kuma abin da ya faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, inda kamfanonin ba da ƙananan basussuka suka yi ta tura wa talakawa rance fiye da ƙarfinsu, har hukuma ta tilasta ta taka musu birki.

Sabo da haka muna kira ga ma'aikacin da aka ba rajistar ƙungiyoyi, kada ya rubuta sunan wadda bai je ya ga zamanta da idonsa ba. Kada ya zaɓa wa mata shugaba, ko da matar wane ce. Malamin makaranta kuwa, in an roƙe shi ya riƙe musu littafin lissafi, taimakon da ya fi shi ne ya koya wa biyu ko uku daga cikinsu rubutu da ƙidaya har su karɓi alƙalamin. Mazaje kuma su san cewa rancen da mace ta ɗauko da sunanta, ita za a tsare ran biya, bai kamata a karɓe ma ta ba.

Ƙasashen waje da ke son taimakon matanmu muna yi musu maraba da godiya. Roƙonmu ɗaya ne, su kawo horo da shawara, su bar mabuɗan nan uku a hannun masu akwati.