Sharhi: Asabar da Lahadi a Damagaram, ina mutanen Birni suka tafi?

Wanda ya san Damagaram ya san garin yana tafiya da mako iri biyu. Akwai makon da muka gada. Alhamis ce ranar babbar kasuwa, mutanen ƙauyuka su shigo da amalanke da motoci ɗauke da hatsi da bisashe da kaji. Kashegari Juma'a a cika masallaci, a gaisa a ƙofar fadar Sultan, yara su bi dangi gaisuwa. Akwai kuma makon ma'aikata da ƴan lakwal, wanda ke ƙarewa Juma'a da rana, ya bar Asabar da Lahadi don hutu da biki. Makon farko na Birni ne da Zango. Na biyu kuwa ya kwashe kayansa ya koma bayan gari.

Ku gwada da kanku. Ku shiga Birni ranar Asabar bayan sallar isha'i. Za ku tarar da tsofaffi kan tabarma a ƙofar zaure, da ƴar fadar samari nan da can ana dafa shayi, sai lungu mai duhu da gida mai kwaɗo a ƙofa. Daga nan ku hau kabu-kabu ku nufi sababbin unguwanni ta hanyar Tanut, ko ta Yamai, ko ta Magarya. Can ne za ku ga an kafa rumfar biki an tare hanya, mai nama yana hura wuta, gidan kallon ƙwallo ya cika, shaguna a buɗe har dare ya raba. Da yawa daga cikin masu wannan hidima jikokin mutanen Birni ne. In ka tambayi mutum ɗan ina ne, zai ce maka ɗan Birni, amma rabonsa da kwana can ya yi shekaru.

Wannan magana ta shafi ku da ke saurarenmu daga karkara, domin gonakinku ne garin ke ci in yana faɗaɗa. Ta shafi ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Kano, Legas, Abijan ko Saudiyya, domin kuɗin da kuke aikowa yana cikin abin da ke yanke hukuncin inda za a gina da inda za a bari ya faɗi.

Yadda Birni ya zama tsakiya

Birni shi ne zuciyar daular Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu, a tsakiyar ƙarni na 19, aka ƙarfafa ganuwar da ta kewaye shi, garin ya zama babbar mahaɗar ayarin da ke tafiya tsakanin Kano, Agadas da Borno. Fatake da baƙi suna sauka a Zango, waje da ganuwa, sarauta da malamai da masu sana'a suna cikin Birni. Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi babban birnin yankin da suke mulki, har zuwa 1926 da suka mayar da hedkwata Yamai. Tun ranar nan Damagaram ta fara sanin yadda abu ke barin hannun mutum yana kallo.

Duk da haka Birni bai mutu ba, saboda mutane suna kwana cikinsa. Majema suna jima, dukawa suna ɗinki, magina suna yaɓe da makuba suna zana bango, almajirai suna karatu a zaure. Gida ɗaya yakan ɗauki kaka da ƴaƴa da jikoki. In damina ta matso, kowa ya san aikinsa: a taka laka, a toshe tsaga, a gyara indararo, a duba azara. Gidan ƙasa haka yake, kamar dabba ne, in ba a kula da shi kowace shekara ba sai ya kwanta.

Abin da ya fitar da mutane

Ba wanda ya bar Birni don ƙiyayya. Dalilan a fili suke.

Na farko matsi. Iyali sun yi yawa, gida bai ƙaru ba. Saurayi ya yi aure, babu ɗakin da za a ba shi, dole ya nemi haya ko fili a waje. Wanda Allah ya hore wa mota ba ya iya shigar da ita lungun da aka yi shi don jaki da mai tafiya a ƙasa.

Na biyu takarda. Fili a sabuwar unguwa yana zuwa da takardar mallaka daga ma'aikatar magajin gari, da sunan mutum ɗaya a kai. Yana iya sayarwa, yana iya ba da ita jingina, yana iya bar wa ƴaƴansa ba gardama. Gidan Birni kuwa sau da yawa gidan gado ne da ba a raba ba tun rasuwar kaka. Magada sun kai ashirin ko talatin, wasu na Kano, wasu na Yamai, wasu ba a san inda suke ba. Wanda ya zuba kuɗinsa ya gyara yana tsoron gobe a ce gidan na kowa ne. Wanda ya ce a sayar, a ce ya tozarta gidan ubansa. Sai kowa ya naɗe hannu, a zuba ƴan haya ko a sa kwaɗo, ruwan sama ya yi sauran aikin. Hausawa sun ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, amma a nan shirun magada ne ke ja wa gida rushewa.

Na uku, su kansu hukumomi sun daɗe suna samun kuɗin shiga ta hanyar yanka filaye da sayar da su. A farkon shekarun 2000 ma an biya wasu ma'aikatan gwamnati bashin albashinsu da filaye. Yanka sabon fili yana kawo kuɗi nan take, gyaran tsohuwar unguwa kuwa cin kuɗi yake yi. In aka bar abin haka, ba sai an tambaya ba wanne za a fi yi.

Na huɗu shi ne yadda muke auna arziki. Ɗan uwa ya yi shekara biyar yana wahala a Sabha ko Tamanrasat, in ya aiko kuɗi so yake a ga abin da ya yi: gidan siminti da kwano da ƙofar ƙarfe, a hoto a aika masa ta WhatsApp. Yaɓen gidan kaka ba ya fitowa da kyau a hoto, kuma ba a kiransa da sunansa. Ba laifi ba ne mutum ya so nasa na kansa. Sai dai in kowa ya yi haka lokaci guda, sakamakon shi ne abin da muke gani daren Asabar.

Bayan gari ma ba aljanna ba ce

Kada mai saurare ya ɗauka waɗanda suka fita sun huta. Damagaram tana zaune kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi mata ƙaranci, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Duk unguwar da aka ƙara, sai an ƙara tsawon bututu da wayar lantarki, ruwan kuma bai ƙaru daidai da bakunan da ke jiransa ba. A watannin zafi, mai sabon gida a ƙarshen gari shi ne ke tashi tsakar dare yana sauraren famfo, ko ya sayi bido wurin ƴan ga-ruwa da tsada. Yaransa suna biyan kabu-kabu zuwa lakwal, matarsa in naƙuda ta zo da dare sai an yi tafiya kafin a kai likita. Wasu filayen an yanka su a kwari, inda tsofaffi suka san tafki ne, damina na zuwa ruwa ya dawo gidansa.

Ku kuma na ƙauyukan da ke kewaye kun fi kowa sanin farashin wannan faɗaɗa. Gonar da ke ba da gero kowace shekara an sayar da ita sau ɗaya, kuɗin ya ƙare a biki ko a babur, mai gonar ya koma gadin ginin da aka yi a kanta. Duk gidan da ya zama kango a Birni, akwai wani yanki na gona da ya zama fili a bakin gari don maye gurbinsa.

An gwada gyara, me ya rage?

A 2018 Damagaram ta karɓi bikin 18 ga Disamba, cikar shekara 60 da kafa Jamhuriya, ƙarƙashin shirin Zinder Sabuwa, kamar yadda Maradi ta yi Kwalliya a 2015, Tawa ta yi Sakola a 2017. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an yi gine-gine. Kasuwar Dole ma an sake gina ta da fasalin zamani. Ba mai musun cewa fuskar gari ta canza, kuma masu abin hawa sun ji daɗi. Amma irin wannan aiki yana bin manyan tituna ne, inda baƙi za su wuce. Kwalta ba ta shiga lungu, kuma ba ta raba gado.

Tun 2006 sunan Birni da fadar Sultan yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu wannan matsayi a 2013. Birni yana jira har yau. Baƙin Turai da a da ake gani suna yawo da na'urar ɗaukar hoto tsakanin duwatsu sun ɗauke ƙafa saboda matsalar tsaro a yankin Sahel, don haka wanda ke jiran ƴan yawon buɗe ido su raya Birni zai daɗe yana jira.

Sai ga damina ta 2024. A farkon watan Satumba, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Hotunan sun zaga duniya, ƴan Damagaram na gida da na waje suka yi baƙin ciki. Masallacin yana da suna, shi ya sa aka ji labarinsa. Gidaje nawa ne suka kwanta a wannan damina da waɗanda suka gabace ta, ba wanda ya ɗauki hotonsu?

Mutanen Maradi sun san wannan labari ta wata fuska. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari daga kwari aka koma tudu, aka yanka tituna a miƙe. A Yamai, ƙaramar kasuwa da ke tsakiyar gari ta ƙone a 2012, ƴan kasuwarta suka watsu, unguwar ma'aikatu kuma in Asabar ta yi sai ka ji tsit. Su wuta da ruwa ne suka tashe su rana ɗaya. Namu a Damagaram a hankali yake tafiya, gida bayan gida, shi ya sa ba a jin ƙararsa.

Abin da ke hannunmu

A ganina, ma'aunin farfaɗowar Birni guda ne: mutum nawa ne ke kwana cikinsa, kuma mutum nawa ne ke da dalilin zuwa ranar da ba Juma'a ba, ba kuma Sallah ba. Ranar hawan Sallah da hawan ƙaho ba a samun wurin sa ƙafa a ƙofar fada. Wannan ya nuna ƙaunar tana nan. Kwana biyu ko uku a shekara dai ba sa riƙe bango.

Maganar gado ita ce kan gaba. Ba dole sai an sayar ko an tsaga gida ba. Magada suna iya zama gaban alƙali ko mai unguwa su rubuta yarjejeniya: wane zai zauna, wane zai gyara, kuma abin da ya kashe a rubuce yake, za a lissafa masa in ranar rabo ta zo. Fadar Sultan da malamai suna da bakin da za a ji a wannan fanni fiye da kowace ma'aikata.

Sai ƴan uwa na ƙetare. Ba mu ce ku fasa gina naku ba. Amma kuɗin yaɓe da gyaran indararo na shekara guda bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya ba. In ƴan gida biyar suka haɗa hannu a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka, gidan zai ga wata shekara. Kuma ku nemi maginin da ya san ƙasa. Shafa siminti kan bangon laka yana rufe danshi a ciki, bango ya ruɓe ba a gani ba, ran da zai faɗi ya faɗi gaba ɗaya. Tsofaffin magina da suka san makuba suna ƙarewa, in ba a ba su aiki ba babu yaron da zai tsaya koyo.

Hukumar gari kuma aikinta ba mai tsada ba ne kamar kwalta: fitila a lungu, magudanar ruwa da ake yashewa kafin damina, kwashe shara, famfon unguwa da ke kawo ruwa. In aka ware wani fili kusa da fada a yammacin Asabar don dukawa da masu tukwane da masu abinci, da makaɗa da masu wasan yara, iyalan da ke neman inda za su kai ƴaƴansu a ƙarshen mako za su samu wurin zuwa, mai sana'ar ƙauye da ya saba zuwa Alhamis kaɗai ya samu rana ta biyu.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar sisin gwamnati. Iyalai da yawa sun koma ɗaura aure da zanen suna a sabon gida, saboda akwai wurin ajiye motoci. In aka mayar da fatiha zauren kaka, ko da walima za a yi a waje, dole a share gidan, a duba rufinsa, yara su san hanyarsa. Gidan da ake taruwa cikinsa sau uku ko huɗu a shekara ba ya zama kango cikin sauƙi.

Muna jiran ra'ayinku a shirinmu na ƙarshen mako, musamman ku da ke da gidan gado a Birni ko Zango, da ku da gari ya iso bakin gonarku. Ku gaya mana wa ke kwana a gidan kakanku yau, kuma wa ya yi masa yaɓe bana.