Tun daga SS1 ake rufe wa yaro ƙofar jami'a

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, abu guda ne ke maimaita kansa a cibiyoyin rajista. Yarinyar da ta shekara uku tana faɗa wa kowa nas za ta zama, sai ta zauna gaban kwamfuta sannan ma'aikacin wurin ya tambaye ta ko ta yi fiziks. Ta ce a'a, darasin noma ta ɗauka a madadinsa. Shi ke nan magana ta ƙare. Idan irin waɗannan yara suka rasa gurbi, mukan ɗora laifin a kan ƙarancin maki ko rashin uwa a gindin murhu. Duka biyun suna faruwa, amma da yawa daga cikinsu tun ranar da aka raba su aji-aji a farkon babbar sakandare aka yanke musu hukunci, suna 'yan shekara 14 ko 15, ba tare da wani ya gaya musu abin da zaɓin yake nufi ba.

Ƙa'idojin ba a ɓoye suke ba. A jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ɗalibi darussa huɗu yake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma fannin da yake nema ne ke tsara su. Mai son likitanci ko harhaɗa magunguna ko aikin jinya zai rubuta fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai son injiniyanci zai rubuta lissafi da fiziks da kemistiri. Kimiyyar kwamfuta ma, da matasa ke rububinta yanzu, tana neman lissafi da fiziks. Bayan haka sai an kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO a darussan da suka dace, har da Turanci da lissafi, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar mai neman likitanci sai ya same su a zama ɗaya. Wanda ya duba jerin nan zai ga fiziks da kemistiri sun fi kowane darasi fitowa, kuma su ne yara suka fi gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yin rabon. A makarantu da yawa sakamakon jarrabawar kammala JSS3 kawai ake dubawa, wani lokaci ma yaro abokinsa yake bi, ko ya ji 'yan gaba da shi suna cewa fiziks kashe mutum yake. A wasu makarantun karkara kuwa babu ma zaɓin: babu malamin fiziks, ɗakin gwaje-gwajen kuma kufai ne, don haka shugaban makaranta ya tura kowa ajin da yake da malamai. Gwamnatin da ta ce tana son kashi 60 cikin 100 na masu shiga jami'a su kasance 'yan kimiyya, ita ce kuma ta bar makarantu ba malaman da za su samar da su.

Za a ce ai ba kowa ne zai zama likita ba, ƙasa tana buƙatar lauyoyi da 'yan jarida da masana harshe. Wannan gaskiya ce, kuma ba na kiran a tura kowa ajin kimiyya. Hasali ma ɗan kimiyyar da bai yi adabin Turanci ba, shi ma yakan tarar an rufe masa ƙofar karatun lauya. Abin da nake cewa shi ne wanda zai bar fiziks ya bar shi da saninsa. Da bambanci tsakanin yaron da ya ga hanyoyin duka ya zaɓi tarihi don yana sonsa, da wanda aka jefa can don babu wanda ya yi masa bayani.

Wasu kuma za su ce kuskuren yana gyaruwa, tun da akwai jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, akwai kuma makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Akwai su, amma wa suke yi wa amfani? Darasin da aka tsara a koya cikin shekara uku, da gwaji da hannu, ba ya shiga kai a wata huɗu na darasin yamma. Ga kuɗin rajista, ga na malami, ga shekarar da za a rasa. Ɗan mai hali zai iya, ɗan talaka sai ya karɓi duk fannin da aka ba shi. Yarinya kuwa shekara ɗaya a zaune a gida takan isa a ce a yi mata aure a huta.

Jihar Kano ta taɓa nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta tace yara da jarrabawa, ta zuba musu malamai da kayan gwaji, kuma daga cikinsu aka sami ɗimbin likitoci da injiniyoyin da ke aiki a Kano da Jigawa a yau. Ba kowace makaranta ce za ta zama Dawakin Kudu ba, amma akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kafin yaro ya bar JSS3, a tara shi da iyayensa a karanta musu ƙa'idojin JAMB da Hausa, fanni bayan fanni. A bar zangon farko na SS1 a buɗe ga wanda yake son canza aji. Makarantar da ba ta da malamin fiziks ko na kemistiri kuma ta faɗa wa iyaye tun ranar ɗaukar yara, ma'aikatar ilimi ta jiha ta wallafa sunayen irin waɗannan makarantu kowace shekara tare da ranar da za ta tura musu malamai.