Jira Ba Zama Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi magana a kan wata kalma da ake koya mana a darasin kwamfuta, watau await, ma'anarta jira. Yawancinmu haddace ta muka yi kamar aku, an ce a sa, mun sa. Ni ban yarda haka ya isa ba, domin gobe mu ne za mu tsaya gaban yara.

A ce malami ya aiki yaro ofis ya karɓo alli. Malamin kirki ba ya harɗe hannu ya zuba wa ƙofa ido. Sai ya kira sunaye, ya duba littattafai, in alli ya zo ya koma allo. To, haka harshen JavaScript yake. Hannu ɗaya gare shi, abu ɗaya yake yi a lokaci guda. In ya aika tambaya ta intanet, abin da ake ba shi nan take ba amsa ba ce, alkawarin amsa ne, Promise ake ce masa. Ita kuwa await, wadda ta shiga harshen a 2017, aikin da take ciki kaɗai take tsayarwa, sauran su ci gaba. Amma fa in malam ya shiga dogon lissafi, ko ɗan aike ya dawo sai ya tsaya bakin ƙofa har a gama.

Na ɗanɗana wannan lokacin koyarwar gwaji. Na rubuta ɗan shiri mai ɗauko makin yara, na manta kalmar nan a wuri guda, sai ga object Promise a gurbin makin wata yarinya, aji ya kwashe da dariya. Don tsoro na bi kowane layi na zuba await. Wannan ma wauta ce. Aji uku ne, in kowanne yana cin daƙiƙa 2, na mai da su 6 ke nan, watau na aiki yaro ɗaya, sai ya dawo na aiki na biyu, alhali kuwa ba ruwan saƙon wannan da na wancan. Da na tura su gaba ɗaya da Promise.all, sai aka gama cikin wajen daƙiƙa 2.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, kafin mu zauna gaban kwamfuta, a yi mana wasan aiken nan a aji da mutane sosai, a riƙa tambayarmu wane saƙo ne tilas ya jira wani. Ba ka ɗauko makin yaro sai ka fara samo lambarsa, nan jira ya wajaba. Amma makin aji ɗaya me zai jira daga aji biyu?