SHARHI: Ƙarar aikin hanya da sharuɗɗan da ba a sa wa a kwangila

A garuruwan da ke bakin dajin Rugu, irin su Babban Duhu a ƙaramar hukumar Safana da ƙauyukan da suka yi iyaka da ita ta ɓangaren Batsari, da wuya a tambayi mutum buƙatunsa bayan tsaro bai ambaci hanya ba. Hanya ce ke kai gero da wake kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita kuma ke sa motar jami'an tsaro ta iso kafin ɓarna ta gama faruwa. Saboda haka duk wanda ya kawo maganar ƙarar katafila a irin wannan wuri, za a dube shi kamar ɗan birnin da ya ƙoshi. A yi mana hanyar tukuna, ko da kunnuwa za su toshe.

Wannan amsa tana da hujja. Sai dai ita ce kuma ke ba masu rubuta kwangila damar tsallake wani sashe da dokar ƙasa ta wajabta, wanda kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin aikin gaba ɗaya.

Tun 1992 Najeriya ke da dokar tantance tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 86. Ta zo ne shekaru huɗu bayan abin kunyar da ya faru a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, inda aka jibge shara mai guba daga Italiya a 1988. Dokar ta lissafa ayyukan da ba a fara su sai an yi cikakken nazari, ciki har da manyan titunan ƙasa da sababbin layukan dogo da wuraren fasa dutse da ke kusa da gidajen jama'a. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 kuma ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙara, waɗanda suka raba iyakar rana da ta dare, suka kuma bambanta unguwar zama da harabar asibiti da wurin masana'antu.

Doka dai akwai ta. Inda gizo ke saƙar shi ne hukunci. Tarar da dokar 1992 ta yanka wa kamfanin da ya saɓa ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. A kwangilar biliyoyin naira, wannan kuɗin man janareta ne na 'yan kwanaki. Ɗan kwangila ba ya tsoron kundin nazarin da aka ajiye a ma'aikatar muhalli a Abuja. Abin da yake tsoro shi ne takardar biyansa ta maƙale a teburin injiniyan da ke sa ido a kan aikin. Don haka duk abin da nazari ya gano, in ba a mayar da shi sharaɗi a cikin yarjejeniya ba, aka sa masa farashi, aka ɗaura shi da biyan kuɗi, to shawara ce kawai.

Kafin a zo ga sharuɗɗan, yana da kyau mai karatu ya san yadda ake auna ƙara, domin a nan ake yi wa jama'a rufa-rufa da lambobi. Ma'aunin shi ne desibel, kuma ba ya tafiya kamar mudu. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu, ƙarin 10 kuma kunne na jin sa kamar ƙarar ta ninka. Ƙa'idojin rukunin Bankin Duniya na 2007 sun sa iyakar desibel 55 da rana, 45 da dare, a wuraren zama da makarantu. Katafila ko babbar rola kuwa takan kai wajen desibel 85 ga mutumin da ke tsaye mita 15 daga gare ta. A fili, ƙarar inji ɗaya na raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Idan aka yi lissafi, sai an kusa rabin kilomita kafin ta sauko 55. A ƙauyen da hanya ta ratsa tsakiyarsa, rabin kilomita ya haɗiye masallacin Juma'a da makarantar firamare da ɗakin shan magani da gidan mai gari.

Sharaɗi na farko da ya kamata a nema shi ne na awon farko, wato auna yadda wurin yake kafin inji ya sauka. Idan babu wannan awo, babu abin da za a gwada da shi daga baya, kuma duk ƙorafi zai zama maganar baki. Yarjejeniyar da aka yi da mai nazari ya kamata ta faɗi wuraren da zai ajiye na'urarsa da sunayensu, da tsawon lokacin da zai auna, da cewa awon zai haɗa da dare. A yankin da tsaro ya taɓarɓare, jarabar da ke gaban mai nazari a bayyane take: ya tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma da hantsi, ya ɗauki lambobi ranar kasuwa, ya koma Katsina kafin la'asar, ya rubuta cewa ya auna yankin. Lambar da aka ɗauka a bakin tasha tana da yawa, kuma idan aka liƙa ta a kan ƙauyen da dare ke yin tsit, ɗan kwangila ya sami lasisin yin ƙara iyakar son ransa ba tare da ya wuce abin da aka ce ya tarar ba. Maganin wannan ba ya da tsada: a rubuta cewa kowane awo sai da lambar taswirar wurin da kwanan wata da sa'a, da sa hannun dagaci ko shugaban makarantar da aka auna a harabarsa. Kuma a cire biyan mai nazari daga hannun ɗan kwangila, domin ba a ba kura ajiyar nama.

Akwai wani abu da littattafan injiniya na Turai ba su san da shi ba, amma mutumin Safana ya sani. A garin da ya sha hare-haren 'yan bindiga, kunne shi ne mai gadi. Mutane na kwana suna sauraren kukan babura daga nesa da haushin karnuka. Janaretan sansanin ma'aikata da ke ruri har asuba a gefen gari yana rufe wannan sauraro. Nakiyar fasa dutse da ta tashi ba sanarwa kuwa, a wurin da aka saba jin harbi, tana iya watsa kasuwa, ta sa mata su suri yara su nufi daji, ta sa tsoho mai hawan jini ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana danganta yawan ƙara da rashin barci da cututtukan zuciya, to ina ga mutanen da tun farko barcinsu rabi-rabi ne? Saboda haka kwangilar hanya a yammacin Katsina tana buƙatar sharaɗin da ya fi na sauran wurare tsauri: a ƙayyade ranaku da sa'o'in fasa dutse, a sanar da mai unguwa da limami da jami'an tsaro tun kwana ɗaya kafin, a nesanta janareta da injin niƙa tsakuwa daga gidaje da tazarar da aka rubuta da lamba, a hana tifofi zirga-zirga bayan isha'i.

Ƙanwar ƙara ita ce girgiza. Rola mai jijjiga ƙasa da ke danne jan ƙasa tana iya tsaga katangar laka da rumbu da bakin rijiya. Idan ba a zaga an ɗauki hoton gidajen bakin hanya kafin a fara aiki ba, mai gida ba shi da abin da zai nuna, za a ce masa damina ce ta ci ginin.

Yawancin manyan kwangiloli na bin samfurin yarjejeniya na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya da ake kira FIDIC, wanda ya ɗora wa ɗan kwangila ɗaukar matakan da suka dace don rage ƙara da damun jama'a. Kalmar "dacewa" kuwa roba ce, kowane lauya na iya jan ta inda ya ga dama. Bankin Duniya ya koyi wannan darasi da tsada. A Disambar 2015 ya soke tallafinsa ga wani aikin hanya a Yuganda, tsakanin Kamwenge da Fort Portal, bayan an tabbatar da cin zarafin 'yan mata da sakaci da lafiyar ma'aikata da muhalli. Daga 2017 ya sauya takardun neman kwangilarsa: ɗan kwangila zai gabatar da nasa tsarin kula da muhalli kafin ya fara, ana iya neman ya ajiye jinginar kuɗi ta musamman a kan haka, injiniya kuma na da ikon riƙe wani kaso na biyansa idan ya saɓa.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye. Katsina na cikin jihohin da ke shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, maƙwabciyar Batsari. Ayyukan da kuɗin waje ya shiga galibi sukan zo da takardun muhalli, domin mai ba da bashi ba ya sakin kuɗi sai ya gan su. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta hanyoyin da jiha da ƙananan hukumomi ke yi da kuɗinsu, da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, inda babu baƙon da zai tambaya. Babu dalilin da zai sa ƙauyen da bashin waje ya yi wa hanya ya sami kariyar da maƙwabcinsa mai hanyar kasafin jiha bai samu ba.

Masu adawa da wannan ra'ayi za su ce 'yan kwangila da ƙyar suke yarda su shiga waɗannan yankuna, ƙara musu sharuɗɗa zai kore su ko ya sa su tsauwala farashi. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa dole a sa wa kowane sharaɗi farashinsa a jadawalin kuɗin aiki tun wajen neman kwangila, yadda ake sa wa kwalta da kwalbati. Idan ba a yi haka ba, kamfanin da ya yi niyyar kiyayewa zai fi tsada, wanda ya yi niyyar watsar da su ya ci kwangilar. Shi kansa ɗan kwangila yana da riba a ciki, domin a dajin da ba a san maƙiyi ba, babu garkuwar da ta fi mutanen gari da suke ganin ana mutunta su.

Lokacin magana kuma kafin sa hannu ne. Da zarar an rattaba hannu, duk sabon sharaɗi ya zama canjin aiki, kuma da kuɗinsa. Ga manyan ayyuka, tsarin ma'aikatar muhalli ta tarayya ya tanadi a baje rahoton nazari na kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su yi ƙorafi, ciki har da ofishin ƙaramar hukumar da abin ya shafa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, a Afrilun 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi. Ƙungiyar matasan Safana ko ta ɗaliban Batsari na iya rubuta wa ma'aikatar ayyuka ta jiha takarda mai shafi ɗaya, ta nemi kwafin tsarin kula da muhalli na hanyar da ake shirin yi musu, da shafin jadawalin kuɗi da ya nuna nawa aka ware wa awon ƙara da gyaran gidajen da suka tsage, da sunan jami'in da za a kai wa ƙorafi.