Fijo 504: In Murfin Kan Injin Ya Fara Tsiyayar Baƙin Mai

Wani ɗan'uwa mai fataucin goro ya aiko mini da saƙo daga Kumasi a kan tsohuwar Peugeot 504 da ya gada daga mahaifinsa. Ya ce duk inda ya ajiye ta sai ta bar tabon baƙin mai a ƙasa, in ya yi tafiya kuma ƙauri na shigowa har cikin mota, bakanike ya ce sai an sauke kan injin. Malam, dakata tukuna, kar ka ba da kuɗin nan.

Fijo 504 ba baƙuwarmu ba ce. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, aka ci gaba da ƙera 504 a can shekaru da yawa bayan Turawa sun bar ta. Da yawanmu a cikin wagon ɗinta ko a-kori-kurarta muka fara tsallaka iyaka da kaya. Wadda ta rage a hannun mutum yau ta tsufa, kuma abin da ke fara gajiya a tsohon inji shi ne roba.

A saman injin akwai murfi wanda ya rufe bawul-bawul. Tsakaninsa da kan injin akwai gasket, wato abin da 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ke kira juwan. Aikinsa guda ne: ya hana baƙin man da ke fantsama a ciki fitowa. Zafi da shekaru su busar da shi, ya yi tauri, ya tsage. Injin 504 kuwa a kishingiɗe yake, ba a tsaye ba, saboda haka man ta gefen ƙasa yake gangarowa, ya sauka wajen bakin salansa mai zafi. Ƙaurin ke nan. Sannan fulogoginta a cikin bututu suke ta tsakiyar murfin, kowane da zoben robarsa. In zoben ya mutu, mai ya taru a ramin fulogi, mota ta fara tari da fizga, sai ka ji an ɗora wa kafireto laifi.

Wannan daban yake da gasket na ƙarƙashin kan injin, wanda shi ne babban aiki mai cin kuɗi. Shi in ya ƙone, alamunsa ba sa ɓuya: ruwan lagireto na raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi ta salansa, mota na zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke injin, a yi tafiyar kwana biyu, a duba daga ina man ya faro. In daga bakin murfi ne, aikin awa ɗaya ko biyu ne.

Ni ra'ayina, ko ba kai za ka riƙe sifana ba, ka tsaya a wajen. A bar injin ya huce sarai. A sa wa wayoyin fulogi alama kafin a cire, don in aka sassaɓa su mota ba za ta tashi daidai ba. A goge ƙurar da ke kewayen murfin kafin a buɗe, musamman lokacin hunturu; yashin da ya faɗa ciki ba ya fitowa sai ya ci ƙarfe. In murfin ya manne, a bubbuga shi da icce, kar a cusa sukundireba a ɓanɓare, domin kan injin na alminiyam ne, tabo ɗaya ya isa ya zama sabuwar hanyar mai. A kankare ragowar tsohon gasket a hankali, a wanke murfin da kananzir, a shanya, a ɗora shi a kan gilashi ko wani abu mai shafe a ga ko bakinsa ya lanƙwashe.

Inda nake yawan faɗa da yaran gareji wuri biyu ne. Na farko gam. Za ka ga yaro ya matse rabin kwalin jan gam ya lafta, wai don ya kama da kyau. Wanda ya tsattsafo waje kana gani, wanda ya tsattsafo ciki fa? Ɓallewa yake ya bi mai, ya je ya toshe rariyar famfon mai, ranar da kake tsakanin Tamale da Bolgatanga da kaya a baya injin ya buga. Gasket mai kyau a kan ƙarfe mai tsabta ba ya bukatar wannan. Na biyu ɗauri. Notin murfi ba notin taya ba ne. A ɗaura kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, har ya zauna. In aka danne da ƙarfi, gasket ya murƙushe, murfin ya lotsa, tsiyaya ta dawo fiye da da.

Tunda an riga an buɗe, a saita bawul gaba ɗaya. A injin fetur mai lita 2, milimita 0.10 ne a na shigar iska, 0.25 a na fitar hayaƙi, injin na sanyi. A duba bututun numfashin injin ma. In ya toshe, ko zoben fistin sun cinye har hayaƙi na busowa ta bakin zuba mai, iskar za ta tura sabon gasket ɗin, kuma ba laifin mai shago ba ne.

Kayan ba su ɓace ba. Ana samu a Suame Magazine a Kumasi, da Abossey Okai a Akra, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Tafi da tsohon a hannu a gwada, ka lanƙwasa sabon ka gani: in ya yi tauri ko ya nuna tsaga, ya daɗe a shago, ajiye musu. Ka sayi zoben fulogin guda huɗu tare, kuma in ka samu mai kyau ɗauki biyu, ka jefa ɗaya a but. Bayan mako guda a sake duba notunan da ma'aunin mai.