A koyar da ninkawa da lissafin bashi

Duk ɗalibin da ya shiga ƙaramar sakandare a Sabon Birni ko Isa zai gamu da dokar nan: idan aka ninka lamba mai alamar ɗebewa da wata mai alamar ɗebewa, amsar takan fito da alamar tarawa. Yawanci haddarta ake sa yara su yi, su rera a aji, ranar jarrabawa kuma ta ɓace musu. A ganina wannan hanya ba ta dace da yaran Burkusuma da sauran garuruwan wannan yanki ba, inda ta'asar 'yan bindiga ta sha hana zuwa makaranta. Abin da aka haddace ba a san dalilinsa ba, shi ke fara zubewa idan yaro ya daɗe bai ga allo ba.

Dalilin kuwa yaran sun taso da shi. Ɗan kasuwar da mutum uku ke bin sa naira 500 kowanne ya san nauyin da ke kansa: 3 × (−500) = −1,500. Idan su ukun suka yafe masa, an sauke masa bashi uku, wato (−3) × (−500) = +1,500. Ko sisi bai shiga aljihunsa ba, amma ƙarfin jarinsa ya ƙaru da naira 1,500. Masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, da ya rubuta waɗannan dokoki a shekarar 628, da dukiya da bashi ya bayyana su.

Wani malamin zai ce ai bashi sau bashi ba ya zama riba, don haka misalin zai rikita yara. Yana da gaskiya idan aka ɗauki lambobin biyu a matsayin kuɗi. Amma ta farkon ƙidaya ce, sau nawa aka ɗora bashin ko aka sauke shi, kuma wannan ne wurin da malami zai tsaya ya warware. Wanda bai gamsu ba, a jera masa a allo: 2 × (−2) = −4, 1 × (−2) = −2, 0 × (−2) = 0. Kowane mataki amsar na ƙaruwa da 2, saboda haka (−1) × (−2) ba ta da inda za ta faɗa sai +2.

Masu cewa yin wannan bayani da Hausa ba zai yi amfani ba, tunda da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO, su duba takardar tambayoyin da kyau. Alamomin da lambobin ba su canzawa, kuma yaron da ya fahimci lissafin da Hausa zai amsa (−7) × (−8) kamar kowane ɗalibi a Legas.