Ba Wuƙar Likita Ce Ke Dawo da Ciwon Daji Ba

Daga gadar Na'ibawa zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu, a kan titin Zariya. Amma mace mai kullutu a nono takan yi wata da watanni ba ta yi wannan tafiya ba. Rashin kuɗi yana ciki, tsoro ma yana ciki. Maganar da ta fi yawo a tsakar gida da majalisa ita ce daji ba ya son ƙarfe. Kusan kowa ya san wata da aka yi wa aiki, ta warware har ta koma talla ko koyarwa, bayan shekara biyu ciwon ya dawo ya tafi da ita.

Labarin gaskiya ne, hukuncin da aka yanke daga gare shi ne kuskure. Kafin hannu ya iya jin kullutu, akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta a cikinsa, kuma wasu kan ɓalle tun da wuri su bi jini ko hanyar kaluluwa su laɓe a ƙashi, hanta ko huhu. Manomi ya san halin aya-aya: a nome ta sarai, in ɗan ƙwallonta ya saura a ƙasa, ruwan farko zai fito da ita. Fartanya ba ta da laifi.

A 2017 masana a Oxford suka fitar da sakamakon bibiyar mata kusan 63,000 masu sankarar nono irin wadda sinadarin mata ke ciyarwa. Dukkansu an ɗora su a kan maganin shekara biyar, an kuma bi lafiyarsu har shekara ashirin. Wadda aka gano nata yana ƙarami, bai taɓa kaluluwar hammata ba, haɗarin ya ɓulla a wani sashe na jiki kashi 13 ne cikin ɗari. Wadda nata ya girma ya kama kaluluwa huɗu zuwa tara, kashi 41. Dukkansu an yi musu aiki. Lokacin zuwa ne ya raba su. A Najeriya, inda ƙiyasin 2022 ya nuna sabbin masu ciwon daji kowane iri kusan 128,000 da mutuwar kusan 80,000, akasari sai ciwon ya yi nisa ake isa asibiti.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a cika magana a kanta ba, wato makomar tsokar da aka yanko. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta a kwalba cikin ruwan fomalin a kai ɗakin gwaji. A can ake yanka ta sirara fiye da fatar albasa, a rina, a sa a madubin likita, a duba ko gefen yankan ya fita tsaf ko an bar saura. A can ne kuma ake gane ko ƙwayar tamoxifen za ta yi aiki, magani mai sauƙin kuɗi da ke rage mace-macen masu sankarar nono irin wadda sinadarin mata ke ciyarwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. To amma sau da yawa ana miƙa wa ɗan'uwan majinyaci kwalbar a leda, aljihunsa ya riga ya ƙare a kuɗin aiki da jini, sai ya wuce da ita gida a haƙa rami a binne. Duk bayanin da likita ke buƙata ya tafi ƙasa ke nan. Abin takaici ne ƙwarai, ganin cewa asibitin Malam yana da sashen wannan gwaji, har da rajistar masu ciwon daji ta Kano.

Duniya ta yi gaba. A 2022 likitocin Ostiraliya suka fitar da sakamakon gwajin neman ɓurɓushin gadon ciwon a cikin jinin mutum 455 da aka yi wa aikin sankarar hanji, suka rage masu shan wahalar kemo daga kashi 28 zuwa 15 ba tare da dawowar ciwon ta ƙaru ba. Gwaji ne mai tsada, kuma Kano za ta buƙace shi wata rana. Abin da ta fi buƙata yanzu shi ne kada kwalbar nan ta ɓata a hanya.

Na'ibawa tana da nata dalilin damuwa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ƙurar katako da ƙurar fata cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanci. Wanda ya shiga kasuwar 'Yan Katako da rana ya ga yaran da ke tura katako a inji, gira da gashin ido fari fat da dusa, da yawa ba ko ƙyalle a hanci. Wannan sankara da mura take kama a farko: kafar hanci ɗaya ta toshe ta ƙi buɗewa, sai haɓo jefi-jefi, mutum ya yi ta sayen maganin mura a kemis. Majemun Challawa kuma da sinadarin kuromiyom suke jima. Dagwalon Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, inda ake ban-ruwan latas da alayyafo. Masana a Jami'ar Bayero sun sha auna ƙarafa masu guba a wannan ruwa da ƙasa. Samun guba a ruwa bai isa a ce ita ta sa wa wane ciwo ba. Hujja sai an haɗa awon da sunayen unguwanni da sana'o'in majinyata, shekara bayan shekara.

Wannan aiki ne da ya dace Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, ta ɗauki nauyinsa tare da masu masana'antu, su biya wa ma'aikatansu kuɗin duba lafiya sau ɗaya a shekara. Gwamnatin jiha ta wajabta wa kowane asibiti, babba da ƙarami, ya haɗa kuɗin gwajin tsoka cikin kuɗin aiki, kuma ma'aikacinsa ne zai kai kwalbar, ba ɗan'uwan mara lafiya ba. Majinyacin da bai zo ranar da aka ba shi ba, a kira lambarsa a ji ko lafiya. Shugabannin 'Yan Katako kuma su sa takunkumin hanci cikin sharuɗɗan tsayawa a bakin inji.